Zambo da iyakarsa a Damagaram: sharhi a kan fassarar tarzomar 2015

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, masu zanga-zangar ƙin zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga suka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram. Kashegari wutar ta kai Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Nan take wasu masu sharhi na Turai suka yanke hukunci cewa Musulunci da 'yancin faɗin albarkacin baki ba sa shan inuwa ɗaya. A ganinmu wannan hukunci ya yi gaggawa, domin bai dubi adabin baka na garin ba.

Damagaram ƙasar Musulmi ce tun kafin zamanin Sarki Tanimun, amma bakin jama'a bai taɓa rufewa ba. Makaɗin fada yana yabon ubangidansa, ya kuma yi wa abokin gabarsa zambo a bainar jama'a. A wasan kara samari suna kwaikwayon sarki da fadawansa, da gwamna da sauran masu mulki, hukuma tana kallo tana dariya. 'Yan kama kuwa malamai suke kwaikwayo: su ɗauko muryar wa'azi da salon ƙira'a, su cika su da zancen tuwo da nama. Haka nan tashe, wanda a tsakiyar azumi ake yin sa. Ke nan an yarda a taɓa malami, a taɓa sarki. Inda aka ja layi shi ne martabar Annabi (SAW).

Sai dai ba mu tare da waɗanda suka ɗauki wannan layi hujjar abin da ya faru. Kiristocin Damagaram ba su zana kome ba, ɗakin karatun da aka ƙona ma ɗalibai Musulmi ne suka fi amfana da shi. Akwai kuma siyasa a ciki: Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarci macin Paris ranar 11 ga Janairu, Damagaram kuwa a lokacin cibiyar 'yan adawa ce.

Tambayar da muke ganin ta cancanci nazari ita ce: wa ke da ikon tsare wannan iyaka a yau? A da fada da malamanta ne. A 2015 taron matasa ne ya yanke hukunci, ya kuma zartar da shi a wuni ɗaya.