Gwanintar Mai Karanta Littafin Yaƙi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar dogon littafin yaƙi, irin mai kashi huɗu ko biyar, ya san zuciya biyu ake yi masa. Ga daɗin bin sadauki cikin daji da kogo, ga bokaye da aljanu da takobin sihiri, har mutum ya manta da abinci. Ga kuma gajiya: sunaye sun yi yawa, yaƙi na bakwai ya yi kama da na uku, a cinye shafi biyar ana kirari ba a kai sara ba. Da yawa a kashi na biyu suke ajiye littafin. Amma labarin nan da ya gagari ido, in ya shiga bakin gwanin karatu, sai tela a Kaura Namoda ya tsayar da keke don kada kalma ta wuce shi.

Irin waɗannan labarai ba baƙi ba ne a wurinmu. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya ita ta fito da Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. A 1951 Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi. Daga baya marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka faɗaɗa fagen, littafi na bin littafi. Kunne ma ya daɗe da sabawa, domin Rediyon Najeriya Kaduna ta yi shekaru tana karanta labarai a shirin Shafa Labari Shuni. Mutanen da babban garinsu ke ɗauke da sunan Namoda, jarumin jihadin nan daga Alibawan Zurmi, ba sai an koya musu son labarin mazaje ba.

Aikin gwani yana farawa ne tun babu mai saurare. Zai zauna shi kaɗai da fensir ya karance littafin daga bango zuwa bango. Inda zai ɗan ja numfashi sai ya ja ƙaramin layi, inda zai yi shiru mai tsawo ya ja biyu. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya ko jan wasali, sau da yawa ma masu buga littafi kan bar ƙugiyar harafi, sai “baƙi” ya koma “baki”. Duk ya gyara da fensirinsa. A wata takarda daban kuma ya jera sunaye: wane ɗan wane ne, wane sarki ke gaba da wane, wa ya mutu a kashi na biyu. Wannan takardar ce ke hana shi ɓata, shi ya sa mai saurare ma ba ya ɓata.

Sai rabon muryoyi. Gwani ba ya wuce huɗu ko biyar, don in suka yi yawa shi kansa zai rikice. Muryar sarki daga ƙirji take fitowa, a tsanake. Ta boka daga maƙogwaro, da ɗan kaushi. Aljani a ja masa kalma, a kumbura ta. Gimbiya kuwa ba a maƙale mata murya, sassautawa kawai ake yi, domin kwaikwayon mace da ya wuce kima dariya yake jawowa a inda ake son tausayi. Muryar da aka ba mutum a shafin farko, ita zai riƙe har ƙarshen littafi.

Wurin gumurzu ake gane wanda ya ƙware. Idonsa na gaba da harshensa da layi guda, kamar direban da ke hango rami tun bai iso ba. Ya cika ciki da iska, ya sako jimloli gajeru a guje, ya tsaya cak inda takobi ya sauka, ya bar shirun ya yi aikinsa. In yaƙin maimaici ne, irin wanda ke sa dattijo a majalisa ya ce, “Malam, wanga yaƙi ba ya ƙarewa?”, ba ya tsallake layi ko ɗaya, tun da littafin ba nasa ba ne. Sai dai ya wuce da sauri a kan sara da suka, ya rage gudu a kan abin da ya bambanta wannan karo da na baya: tsoron da ya kama sadauki, ko alkawarin da ya tuna. Ya kuma san masu saurarensa a Zurmi da Shinkafi sun ga tashin hankali na gaske, don haka ba ya karanta zubar da jini da annashuwa.

Yau yawancin karatun a waya ake naɗa. Gwani kan zaɓi ɗaki mai labule da katifa, don su shanye amsa-kuwwa. Ya jira injin niƙa da babura su lafa. Ya rufe layin waya kada kira ya katse shi, ya ajiye ta ɗani guda daga bakinsa, a ɗan karkace, don kada iskar “f” da “b” ta buge ta. Kafin ya kai layin ƙarshe ya riga ya ɗaga gefen shafi da yatsa, sai ya juya ba ƙara. Ruwan ɗumi na gefensa. In harshe ya sarƙe, ya yi shiru, ya sake jimlar daga farko, daga baya ya yanke ɓarnar. Wanda ya buɗe littafi kawai ya hau karatu da murya guda, yana tuntuɓe da sunaye, minti goma sun isa a kashe shi a nemi waƙa.

Ilimi na ƙarshe shi ne sanin inda za a tsaya. Akun Magana Jari Ce da wannan dabarar ya riƙe Musa ɗan sarki a fada, labari na jan labari har gari ya waye. Gwani ba ya tsayawa bayan an gama yaƙi. Yana tsayawa ne lokacin da ƙofar kogo ta fara buɗewa.

Daga nan labari ya shiga memori a rumfar masu caji, ya bi 'yan kasuwar Alhamis ta Shinkafi zuwa ƙauyuka, ya isa kunnen direba da makaho da matar da ba ta yi boko ba. Ko a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, abin da ke cikin memori bai buƙaci sabis ba.

Matashin da ke sha'awar wannan sana'a ya fara da gajeren littafi irin Ganɗoki, da fensir a hannu. Kafin ya naɗi littafin wani kuma, ya nemi izinin mai shi, ya ambaci sunansa a farkon karatu, domin gumin marubuci haƙƙi ne.