Kurtu, Haya da Ɗaukar Ma'aikata: Sharhi a Kan Fassarar Kalmomin Ɗaukar Aiki, Tare da Misalai Daga Manchok

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin bai wa mutum 774,000 aikin wucin gadi, wato mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, a kan Naira 20,000 a wata har tsawon wata uku. Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, inda garin Manchok yake, tana cikin lissafin kamar kowace. Da labarin ya shigo Hausa, sai aka riƙa kiransa "ɗaukar ma'aikata". Amma a kunnen mai jin Hausa, ma'aikaci shi ne mai albashi, wanda aka buɗe wa fayil, ake kuma sa ran zai yi ritaya ya ci fansho. Wanda aka ba tsintsiya da shebur na wata uku bai kai wannan matsayi ba, ko da kuwa aikinsa ya fi wahala.

Wannan takarda za ta yi sharhi ne a kan ɗabi'ar nan ta masu fassara, ta cusa kalmomin Ingilishi da dama cikin jaka ɗaya. Hujjar takardar ita ce, Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Masu fassara ne suka bar su a gona da kasuwa.

2.0 Yadda Ingilishi Ya Rarrabe

Ingilishi yana da aƙalla aikatau huɗu a wannan fage. "Recruit" yana nufin fita neman mutane da tattaro su. Asalinsa daga Faransanci ne, da ma'anar sabon toho, kuma ta hanyar aikin soja ya shiga Ingilishi. "Hire" ya fi karkata ga yarjejeniyar biya. "Appoint" na muƙami ne. Shi kuwa "employ" sau da yawa yana bayyana halin da ake ciki ne bayan an riga an kama aiki, don haka idan aka ce wani kamfani "employs" mutum hamsin, kuskure ne a ce yana ɗaukar mutum hamsin, domin mai sauraro zai zaci ƙofa a buɗe take. Abin da ake nufi shi ne yana da ma'aikata hamsin.

Daga waɗannan aikatau ne ake samun sunayen mutanen da abin ya shafa: "recruit", da "new hire" wanda ya fi yawa a Ingilishin Amurka, da "appointee". Ga kuma "probationer" da "apprentice". Duk waɗannan, fassarar yau da kullum takan mayar da su "sabon ma'aikaci".

3.0 Abin da Aro Ya Kawo

Biyu daga cikin waɗannan kalmomi sun daɗe da shigowa Hausa, sai dai kowace ta bar wani ɓangare na ma'anarta a bakin ƙofa.

Ta farko ita ce "kurtu". An yar da gaɓar farko ta "recruit", aka raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, aka kuma rufe kalmar da wasali kamar yadda tsarin sautin Hausa ya fi so. Ta zauna daram har ta sami jam'i irin na gida, wato "kurata", a kan awon sirdi da sirada, ko gunki da gumaka. (Ta kuma tarar da takwararta, kurtun tawada, amma ba a taɓa jin sun rikita kowa ba.) Abin lura shi ne, suna kawai Hausa ta ara, ba ta ari aikatau ba, kuma ta tsare sunan a bariki. Tun da aka kafa cibiyar horar da sababbin sojoji a Zariya a 1924, kurtu shi ne wanda ake aske wa kai a koya masa fareti. A kudancin Kaduna, inda aikin ɗamara ya daɗe da zama hanyar neman abinci ga gidaje da yawa, kalmar ba baƙuwa ba ce. Amma idan aka kira sabon malamin makaranta kurtu, zolaya ce ko raini, alhali a Ingilishi banki ma yana da "recruits" ba tare da wani ya ji haushi ba.

Ta biyu ita ce "haya", kuma labarinta ya fi ban sha'awa. A Ingilishin Ingila ana amfani da "hire" ga kaya na ɗan lokaci, kamar mota ko keke. A na Amurka kuwa kalmar ta fi zama ta ɗaukar mutum aiki, kaya kuma a yi musu amfani da "rent". Da yake daga bakin Turawan Ingila Hausa ta ara, sai ta ɗauki ma'anar kaya. A duba waɗannan misalai:

(1) Ya kama hayar ɗaki a Kafanchan.
(2) Ta shiga motar haya zuwa Manchok.
(3) *Makarantar ta yi hayar malamai biyar.

Jimla ta (3) ba ta saɓa wa nahawu ba, amma ta saɓa wa ladabi, domin ta mai da malamai tamkar kujerun biki. Inda Hausa ta yarda a jingina haya ga mutum, to akwai zargi a ciki, kamar a "sojan haya". Yau da Ingilishin Amurka ya cika intanet, wannan tarko ya ƙara kusantar mai fassara, musamman wanda ya dogara da na'ura.

4.0 Abin da Hausa Take da Shi

Manchok hedikwatar masarautar Moro'a ce, kuma harshen gado na mutanenta ba Hausa ba ne. Hausa harshen kasuwa ne da tasha da hulɗa tsakanin ƙabilu. Wannan ne ya sa wurin ya dace da irin wannan nazari, domin Hausar da aka koya don ciniki takan riƙe kalmomin sharaɗi da biya da kyau. Manomin da yake neman hannu a gonarsa ba ya cewa zai ɗauki ma'aikata. Ko dai ya sa 'yan ƙwadago ya sallame su da yamma, ko ya ba da jinga a yi tsadar aikin gaba ɗaya, ko ya kira gayya inda abinci da zumunci ne ladan. Makaniki yana da yaran gareji masu koyon sana'a, direba yana da yaron mota. Kowace kalma a nan ta faɗi tsawon aikin, da yadda za a biya, da irin dangantakar da ke tsakani. Ashe ke nan manomi ya fi mai fassara tantancewa.

Akwai kuma bambancin da ya fi waɗannan muhimmanci, wato tsakanin "ɗauka" da "ɗiba". Ana ɗaukar abu guda da aka zaɓa. Ana ɗibar abu mai yawa ba tare da duban ɗaiɗaiku ba, kamar hatsi ko ruwa. Tarihin wannan yanki ya san bambancin a jikinsa. Layin dogo da ya tashi daga Kafanchan ya bi ta Manchok ya hau Jos an buɗe shi a 1927, kuma babban dalilinsa shi ne kuza. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Filato. Takardun Turawa sun yi maganar tattaro leburori, talakawa kuwa suka kira abin "ɗiban gwamna". Ba su ce ɗauka ba.

Wannan zaɓi nasu ya yi daidai da ma'anar "recruiting" a dokar ƙwadago. Yarjejeniya ta 50 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1936, wadda aka soke a 2018, ta bayyana kalmar da cewa neman aikin mutanen da ba su kawo kansu wurin aiki da kansu ba. Wato mai nema shi ne ya fita. Har yau ana jin "ana ɗibar sojoji" a bakin jama'a, kuma ya fi "ana ɗaukar ma'aikatan soja" dacewa.

"Naɗa" ma tana da iyakarta. Ana naɗa sarki, ana naɗa kwamishina, amma ba a naɗa masinja. Takardar da ƙaramin ma'aikaci yake karɓa, duk da sunanta na Ingilishi, takardar kama aiki ce.

5.0 Inda Kuskuren Yake Cutarwa

Wani zai ce ai duk wannan ƙaƙale ne irin na masu nazarin harshe. Shirin N-Power ya isa amsa. An fara shi a 2016 a matsayin shiri na wucin gadi, ana bai wa matasa masu shaidar karatu mai zurfi alawus na Naira 30,000 a wata, aka tura da yawansu makarantun firamare. Takardun shirin sun kira su masu aikin sa kai, Hausar yau da kullum kuwa ta ce an ɗauke su aiki. Da aka kawo ƙarshen zaman rukuni na farko da na biyu a 2020, sai maganar ta zama "an kore su". Ba za a ɗora wa fassara dukkan laifin wannan ɓacin rai ba, domin rashin aikin yi shi ne tushe. Amma wanda aka gaya wa an ɗauke shi aiki yakan yi aure ko ya ci bashi a kan wannan kalma.

Haka abin yake ga sabon ma'aikacin gwamnati, wanda bisa ƙa'ida yakan yi shekara biyu a matsayin gwaji kafin a tabbatar da shi. Haka kuma Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ba da aiki ya bai wa ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Wanda zai karanta wa lebura wannan bayani da Hausa, in bai bambanta aikin dindindin da na kwantiragi da na wucin gadi ba, ya zubar da amfanin dokar.

Saboda haka ana ba da shawarar a bar "ɗaukar aiki" ga wanda aka zaɓa aka ba gurbi, a yi amfani da "ɗiba" ko "neman ma'aikata" ga matakin tattarowa, a kuma fito da "jinga" da "ƙwadago" daga gona zuwa takarda duk inda aikin na ɗan lokaci ne. Gurbin da ya rage babu kowa shi ne na "probationer". "Ɗan koyo" bai dace ba, domin mutumin ya riga ya ƙware a takarda. "Ɗan gwaji" kuma yana kawo tunanin asibiti. "Ma'aikacin da ba a tabbatar ba" ya yi tsawo, amma shi ne ake ji a ofisoshi, kuma da shi ya kamata masu ƙamus su fara.