Jaridar jam'iyya, gangar mai ita ce

Ƴan'uwa na Madawa, Buza da Keita, yanzu da idonku ya buɗe da karatu, kada ku ɗauka duk abin da ke rubuce gaskiya ne. Tarihin jaridun jam'iyyu ya isa ya zama darasi.

Can Ikko anka riga mu. A 1923 Habat Makole ya kafa jam'iyyar NNDP, jaridarsa Lagos Daily News kuma ta zama bakin jam'iyyar. Mu nan Nijar, sai a 1946 anka samu jam'iyya ta farko, PPN-RDA. A 1954 Jibo Bakari ya kafa UDN, wadda daga baya ta haifi Sawaba. Jaridarta sunanta Le Démocrate.

A yaba musu inda sunka cancanta. Lokacin da talaka ba shi da bakin yin magana gaban kumandan, irin waɗannan takardu ne sunka yi ƙarfin halin faɗin zaluncin mulkin mallaka.

Amma suna da aibi biyu. Na farko, harshe. Dubi sunan jaridar ma, Faransanci ne. Ana magana da sunan manomi, amma manomin bai iya karantawa. Sai wanda ya yi lakwal ya karanta, direba ko tela ya kawo labarin kasuwa, kowa ya ƙara nasa gishiri.

Na biyu, jaridar jam'iyya ba ta faɗin laifin gidansu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a ce "a'a" ga tsarin Dagol, RDA ta ce a ce "i". Wanda ya saurari gefe guda, rabin magana ya ji. A 1959 anka haramta Sawaba, ganga ta koma guda ɗaya. Nan hasarar ta fi yawa, domin ganguna biyu masu gardama sun fi ɗaya wadda ba mai amsa mata.

Yau takardun siyasa na zuwa har ƙauye, wasu ma ta cikin salula. In ɗaya ta shigo hannunka, tambayi kanka: wa ya rubuta ta? Wa ya biya kuɗin bugawa? Me ta ɓoye? Sannan nemi ta abokan hamayya, ka karanta da kanka, kafin ka dangwala yatsa.