Hanyar Fassara da Hanyar Kai-Tsaye a Koyar da Harshe

Hanyoyi biyu sun daɗe suna takara wajen koyar da baƙon harshe. Ta farko ita ce hanyar nahawu da fassara, wadda Turawa suka bi wajen koyar da Latin. Irinta aka gada a makarantun zaure na ƙasar Hausa, inda ɗalibi ke jan baƙi, malami na fassara masa Ahalari ko Ishmawi kalma bayan kalma, kafin ya kai ga Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik. Takan fitar da masani mai warware i'irabi, amma sau da yawa bakinsa kan yi nauyi idan Balarabe ya ja shi da hira.

Ta biyu ita ce hanyar kai-tsaye, wadda Maximilian Berlitz ya yaɗa bayan ya buɗe makarantarsa a Amurka a 1878. A nan ba a barin harshen gida ya shiga aji. Da nuni da hoto da tambaya ake isar da ma'ana. Ɗalibi kan yi saurin buɗe baki, sai dai hanyar tana bukatar gwanin malami da ƙaramin aji, kuma kalma irin "adalci" ba ta nunuwa da yatsa.

Masu sukar zaure sukan manta cewa manufarsa fahimtar littafi ce, ba ciniki a kasuwar Alƙahira ba. Duk da haka, wannan uzuri bai wadatar da makarantun yau ba, domin su ana neman karatu da magana gaba ɗaya. Abin da ya kamata shi ne Hausa ta warware ma'ana mai wuya, sauran darasi kuwa a bar wa harshen da ake koyo.