Mita Ɗari Biyu: Hajar da Grindr ke Sayarwa

In mutum ya buɗe Grindr, abin da zai fara gani jerin hotuna ne ƙanana, an jera su kamar akwatunan ashana. Ba haruffan suna ke tsara jerin ba, ba shekaru ba, kusanci ne. Na farko shi ne wanda ya fi kusa da kai, in ka taɓa hotonsa a gaya maka: mita 200, ko kilomita ɗaya. Wani mai suna Joel Simkhai ne ya fito da manhajar a Los Angeles ta Amurka a 2009, lokacin da wayoyi suka fara iya faɗin inda mai su yake tsaye. An yi ta ne don maza masu neman maza, kuma tambaya guda take amsawa: wa ke kusa da ni yanzu?

Na san akwai waɗanda daga jin haka za su juya shafi. Ku dakata. Ban zo sauya wa kowa ra'ayi kan abin da masu shiga can ke nema ba. Abin da aka ƙera nake son mu duba, mu tambaya ko maƙerin ya yi wa mai saye adalci. A ganina bai yi ba.

Wannan nisan da ake nunawa shi ne hajar, shi ne kuma wuƙar. Duk wanda ya yi lissafin da'ira a koleji zai gane. A ce kana Yamai, wayarka ta ce wane yana nesa da kai mita kaza daga Babbar Kasuwa. Ka koma bakin gadar Kennedy ka sake dubawa, ka tafi filin wasa na Seyni Kountché ka duba na uku. Zana da'ira uku a taswira, inda suka haɗu nan mutumin yake. Ba ma sai ka taka ƙafa ba, da kwamfuta ana iya yi wa manhajar ƙaryar wurin da kake. Masu binciken tsaron intanet sun nuna haka a 2014, kuma a shekarar ne kamfanin ya rufe nuna nisa a wasu ƙasashe, har da Masar da Najeriya. Shekara biyar ke nan ana tafiya ƙofar a buɗe.

To amma mai farauta ba ya ma buƙatar lissafi. Hoto ɗaya na wani kyakkyawan saurayi ya ishe shi. A Masar babu dokar da ta ambaci luwaɗi da sunansa. Da wata dokar 1961 kan karuwanci ake kama mutane, ƙarƙashin kalmar “fujur”. Bayan wasan da ƙungiyar mawaƙan Lebanon ta Mashrou' Leila ta yi a Alƙahira a Satumban 2017, inda wasu suka ɗaga tutar bakan gizo, an yi kame sosai. Ɗan sanda ya buɗe shafi da hoton ƙarya, ya yi ta hira da mutum, ya sa masa rana da wuri, in ya zo a cafke shi. Hirar da ke cikin wayarsa ita za a kai gaban alƙali. Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Fabrairun 2023 kan irin wannan farauta a ƙasashe biyar: Masar, Iraƙi, Jordan, Lebanon da Tunisiya.

Nan maƙwabta, a Najeriya, abin har suna gare shi: “kito”. Can galibi ba hukuma ba ce, ɓarayi ne. A yaudari mutum ya zo wani ɗaki, ya tarar da ƙarti suna jira. Duka, tsirara, bidiyo, sannan a miƙa masa wayarsa a ce tura abin da ke asusunka, kira danginka su ƙaro, in ba haka ba gobe uwarka da abokan aikinka za su kalla. BBC Africa Eye ta yi fim a kai a 2023. Abin da ke riƙe da wannan sana'a shi ne dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin da ya kai shekara 14. Wanda aka yi wa fashi bai iya zuwa kai ƙara, don tambayar farko ita ce: me ya kai ka ɗakin? Ɓarawon ya san haka tun kafin ya aika gaisuwar farko. Ko mai goyon bayan dokar ne, ya dace ya tsaya ya ga wa take ciyarwa a nan.

Me kamfanin ya yi? Kada mu ci haƙƙinsa: ya yi wasu abubuwa. Ana iya sauya tambarin manhajar a fuskar waya ya koma kamar wani abu daban, ana iya sa mata lambar sirri, ana iya janye saƙon da aka tura. A Maris na 2023 ya aika wa masu amfani da ita a Masar gargaɗi cewa ƴan sanda na kame ta hanyar shafukan ƙarya, har ma da shafukan mutanen da suka riga suka kama. Amma ku lura da inda nauyin ya sauka. Kai ne za ka ɓoye, kai za ka goge, kai za ka yi hattara. Kamar mai gida ne ya ba ka hayar ɗaki ba ƙyaure, sannan ya manna takarda a bango cewa unguwar nan akwai ɓarayi. Shi kuwa buɗe shafi babu wuya, shi ya sa ɗan sanda da ɗan fashi ke shiga ta ƙofar da kowa ke shiga. Ba na cewa maganin mai sauƙi ne; in aka ce kowa ya kawo katin shaida, an tara wata rumbun sunayen da ta fi haɗari. Sai dai wanda ya ci ribar sauƙin shiga bai kamata ya bar wa mai shiga dukan asarar ba.

Inda na fi jin haushi ma ba nan ba ne. A Afrilun 2018 aka gano, ta binciken cibiyar SINTEF ta Norway, cewa Grindr na miƙa wa wasu kamfanoni biyu, Apptimize da Localytics, bayanin da mutane suka rubuta kan ko suna ɗauke da ƙwayar sida, haɗe da wasu bayanan da za su iya nuna ko su wane ne. Mutum ya faɗi wannan ne don ya kare wanda zai haɗu da shi, sai ga maganar a hannun waɗanda bai taɓa jin sunansu ba. A 2021 wani babban limamin Katolika, sakataren majalisar bishop-bishop ta Amurka, ya ajiye aiki bayan wata jarida ta samu bayanan zirga-zirgar wayarsa daga kasuwar dillalan bayanai. Babu wanda ya yi kutse. Saye aka yi, kamar yadda ake sayen buhun hatsi. In mai wannan muƙami bai tsira ba, ina ga ɗalibi?

Ga kuma wani abin lura. Kamfanin Kunlun na China ya fara sayen Grindr a 2016, ya kammala a 2018. Daga baya gwamnatin Amurka ta ga haɗari: kada bayanan sojojinta da ma'aikatanta su faɗa hannun Beijing a riƙa juya su da barazanar tona asiri. Ta tilasta a sayar, aka kuwa sayar a 2020 kan kuɗi sama da dala miliyan 600. Ashe dai an san abin da wannan rumbu ke iya yi wa mutum. “Kito” ɗin ne dai, amma da ya zo kan nasu sai aka kira shi tsaron ƙasa.

Hukumar kare bayanai ta Norway ta ci tarar kamfanin kuroner miliyan 65 a Disamban 2021, sama da miliyar 4 na sefa, don ya ba masu talla bayanan mutane ba da sahihin izininsu ba. Wannan tara an yi ta ne saboda masu waya a Norway, inda mutum ke iya zuwa da fuskarsa da sunansa ya shigar da ƙara. Shekara guda ba ta cika ba, a Nuwamban 2022, hannayen jarin Grindr suka shiga kasuwar New York.