Zangon Wagadugu da Aikin Ƙwararru

Duk inda fatake suka sauke kaya suka yada zango, in zaman ya yi tsawo sai wurin ya zama unguwa. Haka Hausawa suka kafa tasu a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wadda aka sani da suna Zangouettin. Unguwar tana tsakiyar gari ne, tsakanin babbar kasuwa da filin jirgin sama, cike da gidajen ƙasa da masallatai da makarantun allo. Wanda ya je nemanta yau ba zai same ta ba.

A shekarar 2003, zamanin mulkin Blaise Compaoré, aka rushe ta tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin, a ƙarƙashin wani shiri da ake kira ZACA. Manufar shirin ita ce a share fili mai faɗin hekta 85 domin gina ofisoshi da manyan shaguna. An tashi mutane kimanin 12,500, aka ba masu gidaje diyya da filaye a Ouaga 2000 da Nioko, nesa da kasuwar da suke ci da ita. Bayan rusau ɗin, yawancin filin ya yi shekaru babu gini.

Ba za a ce ƙwararru ba su shiga wannan aiki ba. Masu tsara birane sun zo, masu awon ƙasa sun zo, an ƙirga ɗakuna an yi musu kuɗi. Kuma gaskiya ne unguwar tana fama da cunkoso da rashin magudanan ruwa. Amma duk wannan ilimi an kashe shi ne a kan yadda za a tashi mutane. Da an juya shi wajen haƙa magudanai, da faɗaɗa wasu lunguna, da gyaran gidaje, da an magance matsalar ba tare da an watse jama'a ba. Wanda ya auna zaure da mita ya san faɗinsa, amma bai san nan ake ɗaurin aure, nan ake sulhu, nan baƙo yake kwana ba.

Akwai wata hanyar. A Agadas ta Nijar, tsohon gari ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, da unguwanninsa, mutane kuma suna zaune a gidajensu. Cibiyar CRAterre ta Grenoble a Faransa, wadda aka kafa a 1979 don nazarin ginin ƙasa, ta daɗe tana aiki da magina na gida a ƙasashen Afirka. Irin wannan ƙwararre yakan fara tambayar magini yadda ake kwaɓa ƙasa da lokacin da ake yaɓe, kafin ya kawo nasa sani.

Ita ma Burkina Faso ta san darajar tsohon gini. Kufan Loropéni ya shiga jerin UNESCO a 2009, fadar Tiébélé kuma a 2024. Abin lura shi ne, ganuwa da fada sun fi saurin samun masu kare su a kan unguwar 'yan kasuwa da almajirai. Gidan talaka ba shi da ado, don haka ake ganin ba shi da tarihi, alhali kuwa tarihin Hausawa a Yammacin Afirka a zangonni irin wannan yake.

Wannan darasi ya shafi Kano da Zariya da Damagaram, inda tsofaffin unguwanni ke fuskantar matsin gine-ginen siminti. Ya kamata jama'a su nemi nasu masanin tun ba a zana taswira ba, ya rubuta tarihin gidaje, ya yi lissafin kuɗin gyara, ya kai wa hukuma. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. In aka bari har motar rusau ta iso, sai dai a yi cinikin diyya.