Ngoma: Ganga ce ko Kiɗa? Sharhi a kan Littafin Janzen

Kalmar ngoma tana cikin kalmomin da suka fi yaɗuwa a harsunan Bantu, tun daga Kongo har Zanzibar, har can Afirka ta Kudu. Ƙamusoshi sukan fassara ta da "ganga", kuma daga nan ne aka sami al'adar rubuta "ganga mai tsarki" duk lokacin da ake maganar warkarwa a waɗannan ƙasashe. Abin da wannan sharhi zai duba shi ne ko fassarar ta dace, ta hanyar nazarin littafin John Janzen mai suna Ngoma, wanda aka buga a 1992.

Kafin Janzen akwai Victor Turner, wanda ya zauna da Ndembu na arewa maso yammacin Zambiya a farkon shekarun 1950, ya kuma fitar da The Drums of Affliction a 1968. Ndembu da kansu sukan kira bikin warkarwa da sunan ganga. A bikin Ihamba, alal misali, ana ɗauka cewa haƙorin wani maharbi da ya mutu ne ya shiga jikin majinyaci yana yawo. Boka yakan kafa masa ƙaho, kamar yadda wanzami yake yi, ana kiɗa ana waƙa, amma haƙorin ba ya fita sai dangi sun fito fili sun faɗi ƙullin da ke zukatansu game da majinyacin. Turner ya fahimci cewa gari ake yi wa magani tare da mutum. Sai dai sunan littafinsa ya bar wa masu karatu hoton ganga, alhali abin da ya bayyana a ciki taro ne da magana.

Janzen ya ɗauki wata hanya. A 1982 da 1983 ya ziyarci birane huɗu: Kinshasa, Darussalam, Mbabane da Cape Town, yana neman abin da ya haɗa masu warkarwa a cikinsu. Ya sami tsari guda. Mutum ya kamu da ciwo, a ce iska ko kakanni ne suke kiransa, ya shiga hannun wanda ya taɓa yin irin ciwon, a yi yanka, ya yi zaman koyo, daga bisani shi ma ya zama mai magani. Sunan sangoma na Zulu daga wannan tushe ya fito. Ga Janzen, zuciyar al'amarin ita ce lokacin da majinyaci zai tsaya ya faɗi mafarkinsa ko damuwarsa, ya ba da waƙa, jama'a su amsa. Wato ngoma waƙa ce da amshi da rawa da ƙungiya, ganga kuwa ɗaya ce daga kayan aiki.

A nan ya yi gaskiya, kuma mai nazarin Hausa ya fi kowa saurin gane haka. Ko da yake Hausa ba harshen Bantu ba ce, kuma babu hujjar cewa bori da ngoma tushensu ɗaya, kwatancin yana da amfani ta fuskar fassara. A bori kowace iska da takenta, ana kuwa kiranta da garaya ko goge ko ƙwarya, ba lallai sai da ganga ba. Wanda aka yi wa girka shi ne gobe zai yi wa wani. Bahaushe ba ya cewa garaya ce ta saukar da iska; kiɗa yake cewa. Saboda haka "kiɗa" ko "wasa" sun fi "ganga" kusa da ma'anar ngoma, kuma ɗalibin da ya rubuta "ganga mai tsarki" ya ɗauko kuskuren Turanci ne ya ɗora wa Hausa.

To amma Janzen ya wuce gona da iri. Cikin ƙoƙarin nuna cewa ngoma zance ce, ya rage wa sauti daraja, har kiɗan ya koma kamar abin rakiya. Steven Friedson, a littafinsa Dancing Prophets na 1996, ya nuna akasin haka a vimbuza ta Tumbuka a arewacin Malawi. A can kowane jinsin iska da salon kiɗansa. Ana kaɗa wa majinyaci salo bayan salo, wanda jikinsa ya amsa shi ne ya bayyana mai riƙe da shi. Ke nan da ganga ake gano ciwon, da ita kuma ake ɗumama iskar har ta fito rawa. Cire gangar daga vimbuza tamkar cire ƙahon ne daga hannun wanzami. Janzen ya gina hukuncinsa a kan abin da ya fi gani a kudu, inda tafi da murya suke da rinjaye, sa'an nan ya shimfiɗa shi a kan yankin gaba ɗaya. Gajeriyar ziyara a birane huɗu ba ta isa ɗaukar wannan nauyi ba.

Giɓi na biyu ya fi girma. Akwai wuraren da gangar ita kanta ake girmamawa, kuma littafin bai ba su haƙƙinsu ba, domin hankalinsa yana kan ciwo. A Kirundi da Kinyarwanda ingoma tana nufin ganga, tana kuma nufin zamanin mulkin sarki. Gangar sarautar Burundi, Karyenda, tana da mace da aka keɓe mata a matsayin matarta, ana kuma fito da ita a bikin Umuganuro, lokacin da sarki yake ba da izinin shuka dawa. Hotonta yana kan tutar ƙasar daga 1962 har aka kawar da sarauta a 1966. Ruwanda ma tana da tata, Kalinga. A nan "tambari" ce fassarar da ta dace, kuma a nan ne maganar tsarki take da gindi. Wani abin sha'awa, itacen da Barundi suke sassaƙa ganga da shi, umuvugangoma, wato mai sa ganga magana, shi ne alillibar da masassaƙanmu suka sani.

Littafin The Quest for Fruition through Ngoma, wanda van Dijk da Reis da Spierenburg suka tace a 2000, ya yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi, inda ya haɗa warkar da jiki da ruwan sama da albarkar ƙasa da mulki. Siyasar kuwa ba ta ƙare da sarakuna ba. Hukumar UNESCO ta sa rawar gangar Burundi cikin kayan gadon duniya a 2014, a 2017 kuma gwamnatin ƙasar ta kafa dokar da ta hana mata kaɗa ta, ta kuma wajabta neman izini kafin a kaɗa ta a bikin da ba na hukuma ba.